Tambayoyi da Amsoshi Kan Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Daga Sakkwato

A Sakkwato, in aka ɗauko hirar Jamhuriya ta Farko, da Sardauna ake farawa, da shi kuma ake rufewa. Babu laifi a wannan, ɗanmu ne, jinin Shehu ne. Sai dai hakan ya sa yaranmu da yawa sun san Abubakar Tafawa Ɓalewa a matsayin "abokin Sardauna" kawai, ko kuma mutumin da ke jikin naira biyar. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai suka fi yi a aji, wasu kuma daga gardamar majalisar dattawa ta bayan la'asar suka fito.

Wane ne shi, a taƙaice?

Shi ne Firayim Ministan Nijeriya na farko, kuma har yau ba a sake yin wani ba. An haife shi a watan Disamba 1912 a garin Tafawa Ɓalewa, cikin ƙasar Bauchi. Ya riƙe muƙamin daga 1957, tun Turawa suna nan, har zuwa 15 ga Janairu 1966 da sojoji suka ɗauke shi daga gidansa a Legas. Bai dawo da rai ba. Allah ya jiƙansa.

Ɗan sarauta ne?

A'a, kuma daga nan ya kamata a fara fahimtarsa. Mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala Bagere ne, yana aiki a ƙarƙashin hakimin Lere. Mahaifiyarsa Fatima Inna tana da jinin Gerawa da Fulani. Ko sunan da duniya ta san shi da shi ba na gidansu ba ne, sunan garinsu ne, kamar yadda makarantun wancan zamani suka saba laƙaba wa yaro sunan garin da ya fito. Haka aka yi wa Shehu Shagari da Aminu Kano. A Arewar da sarauta ke buɗe kowace ƙofa, Abubakar ya shigo ba tare da rawanin gado ba.

Ina ya yi karatu, kuma a ina suka haɗu da Sardauna?

Ya fara da makarantar allo, ya yi elementare a garinsu, ya wuce makarantar lardi ta Bauchi, daga nan ya shiga Kwalejin Katsina a 1928 ya fita a 1933. Ahmadu Bello na Rabah ya riga shi shiga da shekara biyu, a 1926, ya gama a 1931. Saboda haka sun yi shekara uku a makaranta ɗaya, Ahmadu yana gaba. Wannan kwaleji, wadda daga baya ta koma Barewa a Zariya, ita ce ta fitar da kusan duk waɗanda suka riƙe Arewa a lokacin mulkin kai. An san ta da tsananta wa ɗalibai kan lafazin Ingilishi, kuma Abubakar ya fi kowa cin moriyar wannan horo, har Turawa suka riƙa yi masa kirari da mai muryar zinariya.

Da ya gama sai ya koma Midil ta Bauchi yana koyarwa, har ya zama shugaban makarantar. A 1945 aka tura shi Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan ya yi shekara guda. Da ya dawo aka ba shi aikin duba makarantu.

Gaskiya ne marubuci ne?

Gaskiya ne. Shi ya rubuta Shaihu Umar, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar rubutun ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933. Labarin yaro ne da aka sace, bauta ta ketare da shi Sahara, ya dawo babban malami, ga kuma uwa da ta bi sawunsa tana nema. Wanda ya karanta shi da natsuwa zai ga abin da marubucin ya ɗauka da girma tun yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai: haƙuri, ilimi, da miƙa lamari ga Allah. Wannan hali bai rabu da shi ba har a kujerar mulki, inda wani lokaci ya yi masa rana, wani lokaci kuma ya cuce shi.

Ta yaya malamin makaranta ya faɗa siyasa?

Bauchi ta shekarun 1940 ba wurin barci ba ne. Malam Sa'adu Zungur yana can, Malam Aminu Kano yana koyarwa a Midil ɗin da Abubakar yake, kuma an kafa taron tattaunawa inda ma'aikatan En'e da malamai ke zama suna yi wa jami'an Turawa tambayoyi masu zafi. Abubakar yana cikinsu, amma shi ba mai zafin baki ba ne irin waɗancan biyun. A 1946 aka zaɓe shi Majalisar Dokokin Arewa, a 1947 kuma ya tafi majalisar ƙasa a Ikko.

Abin da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe shi ne abin da ya faru a watan Agusta 1950. Abubakar ya miƙe a majalisa a Kaduna ya kawo ƙudurin a binciki tsarin mulkin En'e baki ɗaya a gyara shi. Ya soki yadda aka tara iko a hannun sarki shi kaɗai, ya yi magana kan cin hanci da karɓar gaisuwa, da yadda talaka ba shi da bakin magana a harkar da ta shafe shi. A yau wannan ba komai ba ne, kowane yaro mai waya yana faɗin abin da ya fi haka. Amma a 1950, ma'aikacin En'e, ɗan talaka, ya faɗi wannan a gaban Razdan-Razdan da wakilan sarakuna, ba ƙaramar kasada ba ce. Sarakuna da dama ba su ji daɗi ba. Ƙudurin ya wuce da ƙyar, aka yi bincike, kuma daga nan aka fara sauya tsarin zuwa sarki tare da majalisarsa, har aka kai ga dokar En'e ta 1954. Masu cewa Abubakar bai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba, wannan rana suke mantawa da ita.

Sai dai da hanya ta rabu, bai bi Aminu Kano zuwa NEPU ba. Ya zauna a Jam'iyyar Mutanen Arewa, NPC mai alamar fartanya, wadda ta zama jam'iyyar siyasa sosai a 1951. Ra'ayinsa shi ne a gyara gidan daga ciki, ba a rushe shi ba.

Me ya sa Sardauna bai tafi Legas ya zama Firayim Minista da kansa ba?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi a garin nan. Sardauna shi ne shugaban NPC tun 1954, Abubakar mataimakinsa ne, kuma a tsarin Ingila shugaban jam'iyya mai rinjaye shi ke kafa gwamnati. To, akwai dalilai.

Tsarin mulkin 1954 ya ba jihohi uku ƙarfi ƙwarai. Ilimi, lafiya, noma, En'e, kotunan alƙalai, kuɗin hukumar sayen gyaɗa da auduga, duk a hannun Kaduna suke. Aikin da ya fi damun Sardauna, wato cika ma'aikatun Arewa da 'yan Arewa, a Kaduna ake yin sa ba a Legas ba. Sannan bai manta da 1953 ba, lokacin da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ce sai lokacin da ya dace, 'yan Ikko suka bi su da ihu da zagi har tashar jirgin ƙasa. Garin bai kwanta masa a rai ba tun daga nan. Akwai kuma abin da dattawanmu suka sani ba sai an faɗa ba: tattaɓa-kunnen Sarkin Musulmi Bello ne, ya nemi sarautar a 1938 aka naɗa Sarki Abubakar na Uku, kuma zuciyarsa ba ta taɓa yin nisa da Ƙanwuri ba.

Lissafinsa bai faɗi ba. Awolowo ya bar Firimiyan Yamma a 1959 ya tafi tarayya, ya ƙare a shugaban 'yan hamayya, jiharsa kuma ta suɓuce masa.

To ashe ɗan aiken Sardauna ne kawai?

'Yan Kudu sun faɗi haka don su raina shi, mu ma a nan wasunmu suna faɗin haka don su ɗaukaka namu. Duka biyun sun rage masa.

Gaskiya ne jam'iyya a hannun Sardauna take, kuma 'yan majalisar NPC da ke Legas sun san wanda ya tsayar da su takara. Babu babbar shawarar siyasa da Abubakar zai yanke ba tare da Kaduna ta sani ba. Amma ya daɗe a Legas ya san ta ciki da bai: ministan ayyuka a 1952, ministan sufuri daga 1954, a lokacinsa aka kafa hukumar tashoshin jiragen ruwa da hukumar jiragen ƙasa. Shi ne kuma ɗan Arewan da 'yan NCNC, jam'iyyar Azikiwe mai ƙarfi a Gabas, da Turawa suka amince su zauna ƙarƙashinsa. Da aka naɗa shi a 1957, ya jawo har Action Group, jam'iyyar Awolowo, cikin gwamnati, Akintola ya zama ministansa, don a tunkari 'yanci da murya ɗaya.

Kuma sun sha bamban a fili. Misali mafi bayyana shi ne Isra'ila: Sardauna ya ƙi duk wata hulɗa da ita, ya ce Arewa ba ta son taimakonta, amma gwamnatin Abubakar ta bar ta ta buɗe ofishin jakadanci a Legas, ta kuma karɓi rancenta. Harkar waje ta tarayya ce, kuma ya riƙe ta a haka. Akwai kuma Muhammadu Ribaɗu, ministan tsaro, wanda ke iya shiga tsakanin mutanen biyu ya faɗa wa kowa gaskiya. Rasuwarsa a watan Mayu 1965 ta bar giɓin da ba a cike ba.

An ce da farko bai yarda da Nijeriya ɗaya ba?

Haka ne. A majalisa a ƙarshen shekarun 1940 ya faɗa ƙarara cewa haɗin kan Nijeriya a takarda kawai yake, Turawa ne suka ƙirƙiro shi. Yana cikin waɗanda suka dage a taron Ibadan na 1950 sai an ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya. Shi da kansa ya danganta sauyin ra'ayinsa da tafiyar da ya yi Amurka a 1955 don duba sufurin kogin Misisipi, inda ya ga al'ummomi iri-iri sun zama ƙasa guda. Ni dai ina ganin shekarun da ya yi yana aiki da 'yan Kudu a teburi ɗaya sun fi kogin tasiri.

Yaya zaɓen 1959 ya kasance?

Kujeru 312 aka yi takara a kansu, 174 a Arewa. NPC ta samu 134, NCNC da ƙawarta NEPU suka samu 89, Action Group 73. Babu mai rinjayen da zai yi mulki shi kaɗai, sai NPC da NCNC suka haɗa gwamnati. Abubakar ya ci gaba da zama Firayim Minista, Azikiwe ya zama shugaban Majalisar Dattawa, daga baya Gwamna Janar, sannan Shugaban Ƙasa a 1963. A tuna, matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a wannan zaɓe ba. A watan Janairu 1960 Sarauniya ta ba shi lambar Sir, ranar 1 ga Oktoba kuma ya karɓi takardun 'yanci daga hannun Gimbiya Alexandra a filin sukuwa na Legas, filin da yau ake kira da sunansa.

Me ya yi a harkokin waje?

Nan ne ya fi haske. Shi ya riƙe ma'aikatar da kansa har 1961 kafin ya miƙa wa Jaja Wachuku. Mako guda bayan 'yanci, ranar 7 ga Oktoba 1960, ya tsaya a Majalisar Ɗinkin Duniya Nijeriya ta zama ƙasa ta 99. Ya tura sojoji da 'yan sanda Kongo aikin kiyaye zaman lafiya. A Janairu 1961 ya kori jakadan Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya da take yi a Saharar Aljeriya, abin da ya shafe mu kai tsaye mu da iskar hunturu ke zo mana daga can. A shekarar ce kuma ya shiga sahun waɗanda suka matsa har Afirka ta Kudu mai wariyar launin fata ta fice daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, ya kuma ziyarci Shugaba Kennedy a Amurka.

Kan haɗin kan Afirka, shi da Nkrumah na Ghana ba su jitu ba. Nkrumah yana son gwamnati ɗaya nan take. Abubakar da rukunin ƙasashen da suka yi taro a Monrobiya suka ce a bi a hankali, kowace ƙasa ta riƙe iyakarta, kada wata ta tsoma baki a harkar wata. Da aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa a watan Mayu 1963, ra'ayinsu ne ya yi rinjaye. Masu suka sun ce ya cika jingina da Ingila, kuma yarjejeniyar tsaron da ya ƙulla da ita ta ba su hujja, sai da ɗalibai suka yi zanga-zanga aka soke ta a 1962.

A cikin gida fa, me za a nuna?

Layin dogo daga Kuru ta Bauchi da Gombe zuwa Maiduguri, wanda aka kammala a 1964. Madatsar ruwa ta Kainji, da aka fara a 1964 aka gama bayan rasuwarsa. Gadar Kwara tsakanin Asaba da Anaca. Matatar mai ta Fatakwal a 1965. Jami'ar Legas a 1962. Shirin raya ƙasa na farko, na 1962 zuwa 1968. A zamaninsa ne kuma Arewacin Kamaru ya zaɓi shigowa Nijeriya a 1961, aka kira shi Lardin Sardauna. Jami'ar Ahmadu Bello da Bankin Arewa kuwa aikin gwamnatin Kaduna ne, kada a haɗa.

Akwai Basakkwace a kusa da shi?

Akwai, kuma ba ƙarami ba. Alhaji Shehu Shagari, wanda shi ma malamin makaranta ne, ya shiga Majalisar Wakilai a 1954, ya zama sakataren majalisa na Firayim Minista a 1958. Daga nan ya riƙe ma'aikatu da dama a gwamnatinsa, har da raya tattalin arziki, harkokin cikin gida, da ayyuka. Duk wanda ya ga yadda Shagari ya yi mulki daga 1979, sanyin magana da son sulhu da jinkirin hukunta na kusa, zai gane makarantar da ya yi.

Ba shi da kuskure ne?

Yana da su, kuma ɓoye su ba girmamawa ba ce.

Da rikici ya ɓarke tsakanin Awolowo da Akintola, wanda ya gaje shi a kujerar Firimiyan Yamma, a 1962, 'yan majalisar Yamma suka yi jifa da kujeru a Ibadan, nan da nan gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci ta naɗa Dokta Majekodunmi kantoma. Bayan wata bakwai aka mayar da Akintola kujerarsa ba tare da sabon zaɓe ba. A 1963 aka ɗaure Awolowo shekara goma kan laifin cin amanar ƙasa, aka kuma yanke Jihar Tsakiyar Yamma daga Yamma ita kaɗai, alhali Tibi da sauran ƙananan ƙabilun Arewa da na Gabas su ma suna neman tasu. Ko da kowane mataki yana da madogara a doka, Yarbawa da yawa sun ga an haɗa kai ne a karya su.

Ƙidayar 1962 aka soke ta, ta 1963 ta ba da mutum miliyan 55.6, Arewa na da sama da rabi, Gabas ta ce ba ta yarda ba. A watan Yuni 1964 ma'aikata suka yi yajin aikin gama-gari kan albashi. Zaɓen Disamba 1964 ya zo da ƙaurace wa akwati a Gabas, har Shugaban Ƙasa Azikiwe ya yi kwanaki ya ƙi kiran Abubakar ya kafa gwamnati.

Mafi nauyi shi ne zaɓen Yamma na Oktoba 1965. An tafka maguɗi a fili, aka shiga ƙone gidaje da mutane da fetur. Mutumin da ya kafa dokar ta-ɓaci a 1962 kan faɗan cikin zaure, sai ga shi ya ƙi kafa ta lokacin da ake mutuwa a titi, domin Akintola abokin ƙawancen NPC ne. A nan haƙurinsa ya zama jinkiri. A watan Janairu 1966 yana karɓar shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas kan batun Rodeshiya (Zimbabwe ta yau), alhali hanyar Ibadan ba ta biyuwa.

A gida Arewa ma akwai abin faɗa. 'Yan NEPU sun sha ɗauri da bulala a hannun 'yan doka da kotunan En'e, tsarin da shi da kansa ya soka a 1950. Ba hurumin tarayya ba ne, gaskiya, amma jam'iyyarsa ce ke cin ribar abin.

Yaya aka yi ya rasu?

Daren Juma'a wayewar Asabar, 15 ga Janairu 1966, cikin watan azumi. Wasu manjoji suka yi yunƙurin juyin mulki. A Kaduna Manjo Nzeogwu ya kai hari gidan Firimiya, aka kashe Sardauna da uwargidansa Hafsatu. A Ibadan aka kashe Akintola. A Legas Manjo Ifeajuna da mutanensa suka ɗauke Firayim Minista da ministan kuɗi Okotie-Eboh. An kashe manyan hafsoshi, cikinsu har da Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Muhammad, Laftanar Kanar Abogo Largema da Laftanar Kanar James Pam.

Kwana shida ba a san inda yake ba. A tsakanin nan sauran ministoci suka miƙa mulki ga Janar Aguiyi-Ironsi. Ranar 21 ga wata aka tsinci gawarsa a daji gefen hanyar Legas zuwa Abekuta, aka kai ta Bauchi aka yi mata sutura, ana gab da ƙaramar Salla. Shekaru da yawa bayan haka wani tsohon ministansa ya ce ciwon asma ne ya kashe shi a hannun sojojin, ba harsashi ba. Ko da haka ne, wanda ya fitar da mutum daga gidansa da bakin bindiga cikin dare, ya jefar da gawarsa a daji, shi ke ɗauke da alhakin ransa.

Da gaske bai bar dukiya ba?

Ya bar mata huɗu da 'ya'ya 19, da gida da gona a Bauchi, inda yakan je hutu. Ko abokan hamayyarsa ba su zarge shi da sata ba. Amma wasu ministocinsa an san su da karɓar kashi goma cikin ɗari a kan kwangila, kuma bai kore su ba. Tsarkin hannunsa nasa ne shi kaɗai, bai zama dokar gwamnatinsa ba.

Wanda ya je Bauchi ya daure ya shiga hubbarensa. Ana bi ta wani dogon lungu mai duhu tsakanin manyan bangaye, haske na shigowa kaɗan-kaɗan, har a fito fili marar rufi inda kabarin yake, ba ado ba ƙawa. A gefe akwai ɗakin da aka ajiye 'yan kayayyakinsa. Jami'ar tarayya da ke garin ita ma sunansa take ɗauke da shi tun 1988.

Me ya sa ba a sake yin Firayim Minista ba?

Da sojoji suka shirya mayar da mulki, masu rubuta tsarin mulkin 1979 sun ɗora wani ɓangare na laifin rushewar Jamhuriya ta Farko kan tsarin kansa. Sun tuna da kwanakin Janairu 1965, lokacin da Shugaban Ƙasa da Firayim Minista suka ja daga, kowa yana ganin sojoji nasa ne. Sun kuma lura cewa Firayim Minista mazaɓa ɗaya ce tak ta zaɓe shi, sauran ƙasa ba ta jefa masa ƙuri'a ba. Sai suka ɗauko tsarin Amurka: shugaba ɗaya mai cikakken iko, wanda dole ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi. Wanda ya fara hawa wannan kujera shi ne tsohon sakataren Abubakar, Shehu Shagari.

Maganar ba ta mutu ba. A watan Fabrairu 2024 'yan Majalisar Wakilai kimanin 60 suka gabatar da ƙudurin komawa tsarin Firayim Minista, suna kukan tsadar tsarin shugaban ƙasa da yawan ikon da ya tara a hannun mutum ɗaya, kuma mai magana da yawunsu ɗan majalisa ne daga jihar nan, Abdussamad Dasuƙi mai wakiltar Kebbe da Tambuwal. Sauya tsarin sai an gyara kundin mulki, da amincewar kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya da na majalisun jihohi 24 daga cikin 36.